Me hasken UV yake yi wa man da ke kan faifan ajiyar kwamfuta?

Bashir_Gyara

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Sana'ata gyaran kwamfuta ce, kuma na shafe shekaru ina buɗe faifan ajiya da ya mutu, wato had-dis, domin in cire maganaɗisun da ke cikinsa. Duk lokacin da na dubi farantin da ke juyawa a ciki sai in gan shi fes kamar madubi, a bushe, babu alamar maiƙo ko kaɗan. Jiya da dare na karanta cewa a masana'anta ana shafa wa farantin man santsi, sannan a haska shi da hasken UV, wato wani haske da ido ba ya gani, kafin a haɗa faifan. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Na farko, ina man yake, tunda ko na goga yatsa ba na jin komai? Na biyu, me hasken yake yi masa? A iya sanina hasken UV busar da gam yake yi, mai kuwa idan ya bushe ai ya tashi daga aiki. Idan kuma har hasken gyara man yake yi, shin fitilar da masu gyaran waya suke amfani da ita za ta iya farfaɗo da faifan da kan karatunsa, wato ɗan abin da ke karantawa da rubuta bayanai, ya liƙe a jikin faranti?

Nura_Waya

Wa alaikumus salam, Malam Bashir. A kan fitilarmu kaɗai zan iya magana. Gam ɗin da muke manna gilashin waya da shi an haɗa shi ne da wani sinadari da ke jiran wannan hasken, shi ya sa yake daskarewa nan take. Na sha haska fitilar a kan man keken ɗinki da ya zube a teburina, ban taɓa ganin ya canja ba. Ina zaton hasken da ka karanta labarinsa wani ne daban.

Dakta_Rabi

Malam Bashir, man yana nan, sai dai ido da yatsa ba za su iya gano shi ba. Farantin da kake gani hawa-hawa ne. A can ƙasa akwai gangar jikinsa, wadda ake yi da alminiyom ko da gilashi. A kanta ake shimfiɗa ƙarafan da ke riƙe bayanai, mafi yawa haɗin kobalt da kuromiyom da filatinom. A kan wannan kuma ake ɗora wata fata ta kabon mai tauri, wadda kaurinta bai wuce nanomita 2 zuwa 3 ba, domin ta kare ƙarfen daga tsatsa da gogayya. Man santsi shi ne na ƙarshe, kaurinsa wajen nanomita 1 zuwa 2. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, gashin kan mutum kuwa kaurinsa yana kai nanomita 70,000.

Na ɗan yi lissafi domin abin ya fito fili. Farantin babban faifai faɗinsa milimita 95 ne, don haka fuska ɗaya tana da fili kusan santimita 66 murabba'i bayan an cire ramin tsakiya. Idan aka shimfiɗa mai na nanomita ɗaya a kan wannan fili, nauyinsa gaba ɗaya bai wuce kashi 12 cikin miliyan na giram ba. Maiƙon da yatsanka ya bari a kan farantin lokacin da ka goga shi ya fi man masana'antar kauri nesa ba kusa ba.

Shi wannan man ba daga fetur aka samo shi ba. Sunansa a taƙaice PFPE, kuma ƙwayarsa doguwar sarƙa ce ta kabon da oksijin, wadda fulorin ya lulluɓe ta ko'ina. Wanda ya fi shahara a wannan aiki shi ne Fomblin Z-DOL, wanda kamfanin Ausimont na Italiya ya riƙa yi kafin Solvay ya saye shi. Akwai kuma Demnum na kamfanin Daikin da ke Japan. An zaɓe su ne saboda ba sa saurin ƙafewa, ba sa saurin lalacewa da zafi, kuma ruwa ba ya kama su.

Mai_Tantama

Dakta, da girmamawa, akwai inda ban gamsu ba. Abin da aka koya mana shi ne kan karatu ba ya taɓa faranti, a kan iska yake shawagi. Idan babu gogayya, mene ne amfanin mai, balle har a tsaya ana haska shi?

Injiniya_Sabo

Malam Mai_Tantama, gaskiya ne kan yana shawagi, amma tazarar ce abin lura. A faifan zamani, lokacin karatu ko rubutu, tsakanin bakin kan da saman farantin bai wuce nanomita 1 zuwa 2 ba, domin akwai wani ɗan mitsitsin abin dumamawa a cikin kan da ke kumburo bakinsa ya matso ƙasa. Farantin kuma idan yana juyi 7,200 a minti, gefensa yana wucewa ƙarƙashin kan da gudun da ya kai kilomita 120 a awa. A irin wannan kusanci da irin wannan gudu, ɗan girgiza kaɗan ya isa su taɓa juna, kuma suna taɓawa. Man ne yake sa taɓawar ta wuce ba tare da an kankare kabon ba.

Na yi zaman koyon aiki na wasu watanni a wata masana'antar faranti a Maleshiya lokacin da nake karatu a can, don haka bari in faɗi yadda na ga ana yi. Ba shafa man ake yi da hannu ko da buroshi ba. Ana narkar da ɗan kaɗan daga cikinsa a wani ruwan sinadari mai saurin ƙafewa, irin su Vertrel XF ko HFE-7100, sai a tsoma farantai a ciki a tsaye, a zaro su a hankali, ko kuma a bar su a inda suke a tsiyaye ruwan. Ruwan yana ƙafewa nan take, ya bar man a jiki. Yawan man da aka narkar da saurin zarowa su ne suke tsayar da kaurin, kuma da mamaki, wanda aka zaro da sauri shi ya fi ɗebo mai.

Matsalar ita ce man da aka ɗora ta wannan hanya yawancinsa kwance kawai yake a kan kabon, bai kama shi da kyau ba. Juyin farantin yana tura shi gefe a hankali, zafi yana ƙafar da gajerun sarƙoƙinsa, kan karatu kuma yana lasar sa. A nan ne hasken UV yake shigowa. Ana wucewa da farantin ta gaban fitilu na 'yan daƙiƙoƙi, sai wani kaso na man ya ɗaure da kabon ɗaurin da ko an sake wanke farantin da ruwan sinadarin ba zai fita ba. Don haka, Malam Bashir, ba busar da shi ake yi ba, ɗaure shi ake yi.

Alhaji_Mamman

Maganar liƙewar kai ta tuna mini da wajen 1993, lokacin ina kula da kwamfutocin wani ofishi. Idan aka yi dogon hutu aka dawo, akwai wata guda da ba ta tashi sai an ɗaga ta an ɗan murɗa ta gefe da sauri, sannan a ji faifan ya fara kuka. A lokacin mun ɗauka injin juyawar ne ya raunana. Sai daga baya na fahimci cewa a faifan wancan zamani kan yana sauka ne ya kwanta a jikin farantin idan an kashe wuta, kuma mai da danshin iska suna taruwa a ƙarƙashinsa su riƙe shi, kamar yadda gilashi biyu suke mannewa idan ruwa ya shiga tsakaninsu. Tun daga faifan IBM 3340 na 1973, wanda ake kira Winchester, ake wannan tsari na sauka a kan faranti mai ɗauke da mai. Ina ganin wannan liƙewar tana cikin dalilan da suka sa aka fara neman hanyar ɗaure man, ko Injiniya?

Injiniya_Sabo

Haka ne, ranka ya daɗe. Sakakken mai shi ne yake gangarowa ya taru a ƙarƙashin kan, don haka rage shi yana rage liƙewa. An kuma haɗa da wasu dabaru, kamar yi wa wurin saukar ƙananan ƙuraje da leza domin kan ya zauna a kan tsininsu, daga baya kuma aka koma ajiye kan a wani ɗan matashi na roba a wajen farantin gaba ɗaya.

Zainab_Fizik

Ina so in ƙara wa maganar Malam Nura lambobi, domin hasashensa daidai ne. Hasken UV iri-iri ne, kuma ana bambanta su da tsawon zangonsu. Gwargwadon gajartar zango, gwargwadon ƙarfin kowace ƙwayar haske. Fitilar gyaran waya da ta duba jabun kuɗi suna ba da haske na nanomita 365 zuwa 395, wanda ƙarfin ƙwayarsa bai wuce 3.4 ba a ma'aunin eV, wanda ake auna irin wannan ƙarfi da shi. Fitilar zaiba da ake amfani da ita a masana'antar faranti tana ba da haske biyu a lokaci guda: na nanomita 254, mai ƙarfin 4.9, da na nanomita 185, mai ƙarfin 6.7. Akwai kuma fitilar iskar zinon mai nanomita 172, wadda ƙarfinta ya kai 7.2.

Man PFPE ba ya shan hasken 365 ko kaɗan, ratsa shi yake yi ya wuce kamar yadda rana take ratsa gilashin taga. Sai an sauko ƙasa da nanomita 200 sannan yake fara sha. Ko an kwana ana haska faranti da fitilar waya, babu abin da zai faru da man. Hatta fitilar kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin injin tace ruwa, wadda ita ma ta zaiba ce, yawanci an yi kwalbarta da gilashin da ke tare na 185 ya bar na 254 kawai.

Dakta_Rabi

Na gode, Zainab. Bari in koma kan yadda ɗaurin yake faruwa, domin akwai hanya biyu, kuma bambancinsu ne yake nuna dalilin da ya sa ake son hasken. Sarƙar Z-DOL tana da ƙugiya guda a kowane baki, wato rukunin oksijin da haidirojin, ita kuma sarƙar wani nau'in Fomblin mai suna Z-Tetraol tana da biyu-biyu, huɗu ke nan. Idan aka gasa farantin a tanda a zafin da ya haura digiri 100, danshin da ke kan kabon yana tashi, ƙugiyoyin su sami wurin kamawa. Wannan kamar a ɗaure igiya ne a turaku biyu, bakin nan da bakin can, tsakiyarta kuwa tana iya yin tozo ta tashi sama. Hasken UV shi kuma yana iya taɓa tsakiyar sarƙar kanta, ya tsinka ta a wani wuri, guntayen da suka fito kuma ba sa iya zama haka, sai sun kama kabon da ke ƙasa ko sarƙar da ke kusa da su. Shaidar haka ita ce akwai nau'in Fomblin da ba shi da ƙugiya ko ɗaya, wanda gashi ba ya ɗaure shi, amma haske yana ɗaure shi.

Masu bincike na kamfanin IBM ne suka fito da wannan a fili. Saperstein da Lin sun wallafa sakamakonsu a 1990, sannan a 1992 Vurens da abokan aikinsa suka kawo bayanin dalili. A ganinsu, hasken yana ratsa man ne ya bugi kabon, kabon ya saki ilektiron masu ƙaramin ƙarfi, su kuma su maƙale a sarƙar su tsinka ta. Wato ba hasken ne yake yanka da kansa ba, aike yake yi.

Zainab_Fizik

Dakta, a gafarce ni, amma wannan bayanin an sake duba shi. A 2007 Guo da Waltman sun wallafa wani bincike a mujallar Langmuir, inda suka kai ga cewa ilektiron ɗin da kabon yake saki gudummawarsu kaɗan ce, kuma ɗaurin ya fi dacewa da cewa hasken ne da kansa yake tsinka sarƙar kai tsaye. Wannan ya yi daidai da abin da na faɗa a sama, cewa sai gajeren zango man yake sha.

Dakta_Rabi

Babu abin gafartawa, 'yata, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na san da wannan aikin, kuma ya kamata in ambace shi. Abin da ya sa ban yi watsi da bayanin farko gaba ɗaya ba shi ne, an nuna cewa idan aka harba wa irin wannan man ilektiron kai tsaye, ba tare da wani haske ba, yana ɗaurewa. Don haka hanyar tana nan, tambayar kawai ita ce wacce ta fi rinjaye a ƙarƙashin fitila. A kan wannan na fi karkata ga abin da kika kawo idan ana maganar hasken 185 da 172. Sai dai a tuna cewa ba kowane mai ne sarƙa zalla ba. Akwai irin A20H na kamfanin Moresco, wanda aka maƙala wa bakinsa wani zobe na fosfarus da naitirojin mai ɗauke da wasu zobba na kabon, kuma irin waɗannan zobba suna shan haske a zangon da sarƙar ba ta sha. Hukunci ɗaya ba zai hau kan dukkansu ba.

Ɗan_Maraɗi

Ni tambayata daban ce kaɗan. Lokacin da nake koyon gyaran na'urori, akwai wasu ƙananan ma'adanai masu ɗan tagar gilashi a bayansu, ana kiransu EPROM, waɗanda muke sakawa a ƙarƙashin fitilar UV na wajen minti ashirin domin a goge abin da ke cikinsu. Shin wannan hasken ba ya goge bayanan da ke kan faranti haka nan?

Injiniya_Sabo

A'a, ɗan'uwa. EPROM tana ajiye bayani ne ta hanyar tsare ilektiron a wani ɗan lungu, hasken 254 kuma yana ba su ƙarfin tsallakewa su gudu. Faranti kuwa da alƙiblar maganaɗisu yake ajiye nasa, kuma haske irin wannan ba ya juya ta. Ban da haka ma, a lokacin da ake haskawar babu abin da aka rubuta a kai tukuna.

Haɗarin da ake tsoro a wurin wani ne daban. Hasken 185 yana fasa oksijin da ke cikin iska ya mai da shi ozon, shi kuma na 254 yana sake fasa ozon ɗin ya fitar da oksijin guda-guda masu cin duk abin da suka samu. Wannan haɗin ne ma ake amfani da shi da gangan wajen wanke gilashi da sauran kayan awo daga maiƙo. Idan aka bar shi a kan faranti, zai ci fatar kabon da ake son karewa, kuma iskar za ta shanye hasken kafin ya isa inda ake so. Shi ya sa ake cika akwatin haskawar da naitirojin a kori oksijin. A inda na zauna, ma'aunin oksijin na cikin akwatin yana cikin abubuwan da ma'aikaci ba ya ɗauke ido daga kansu.

Mai_Tantama

To, na karɓi cewa man yana da amfani. Amma idan sakakken mai ne yake kawo liƙewa, shi ne kuma yake gudu gefe, me zai hana a tsawaita haskawar har a ɗaure shi duka a huta? Ina ganin kamar ana barin aikin ne rabi da rabi domin a rage kuɗin wuta.

Dakta_Rabi

Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a zaren nan, kuma ba maganar kuɗin wuta ba ce. Ka ɗauka kan karatu ya taɓa faranti ya share man da ke wani ɗan wuri. Idan dukkan man da ke kewaye ɗaurarre ne, babu wanda zai matso ya rufe gurbin, wurin zai zauna tsirara, kuma taɓawa ta gaba a kan kabon za ta sauka. Sakakken man shi ne yake malalowa ya cike gurbin. Ɗaurarre yana tsayawa ya kare, sakakke yana zuwa ya gyara, kuma faranti yana buƙatar su biyun. Gwaje-gwajen gogayya sun sha nuna cewa farantin da ke da cakuɗen biyun ya fi wanda aka wanke sakakkensa gaba ɗaya daɗewa.

Akwai kuma wata illa ta wuce gona da iri. Hasken tsinka sarƙa yake yi, kuma ba kowane guntu ne yake samun abin kamawa ba. Wasu suna tashi su bi iska, sai man ya ƙara sirancewa. Idan aka daɗe, abin da zai rage ba zai yi santsin da ake nema ba.

Injiniya_Sabo

Bari in ƙara yadda ake auna wannan, domin kada a ɗauka da ka ake yi. Ana auna kaurin man da na'urar da ke haska infrared, wani haske mai dogon zango da ido ba ya gani, ta duba yawan abin da haɗin kabon da fulorin ya sha. Sai a wanke farantin a ruwan sinadarin nan, a sake aunawa. Abin da ya rage shi ne ɗaurarre, kuma idan aka raba shi da kaurin farko sai a sami kason ɗauri. Ana kuma ɗiga ruwa a kan farantin a auna kusurwar da ɗigon ya yi. Bayan haskawa ɗigon yana ƙara dunƙulewa, alamar cewa fuskar ta ƙara ƙin ruwa, wanda yake taimakawa wajen hana tsatsa da kama datti. Kason da kowace masana'anta take nema sirrinta ne, kuma yana canjawa da irin man da irin kabon. Abin da na lura kawai shi ne, da tazarar kai da faranti ta yi ta raguwa, an yi ta matsawa wajen ƙarin ɗauri.

Hauwa_Saba

Ni aikina kula da manyan kwamfutocin ajiya ne, kuma daga nan nake kallon maganar. Injiniya ya ambaci cewa kan yana lasar mai, ina so a ɗan tsaya a nan. Idan man ya taru a jikin kan, yana canja yadda yake shawagi, wani lokaci ya ɗaga shi sama har rubutu ya yi rauni, wani lokaci kuma ya ɗigo ya koma kan faranti a dunƙule. Mu abin da muke gani a rahoton lafiyar faifai shi ne wuraren da suka ƙi karantuwa suna ƙaruwa, ba tare da mun san ainihin abin da ya faru a ciki ba. Wani ɗakinmu ya taɓa kwana biyu na'urar sanyaya shi ba ta aiki, kuma a watannin da suka biyo baya mun canja faifai fiye da yadda muka saba. Ba zan ce man ne ba, domin zafi yana taɓa abubuwa da yawa, amma tun daga lokacin nake girmama ma'aunin zafi.

Tambayata ga Dakta ita ce game da sabbin faifan HAMR, wato masu rubutu da taimakon zafi, irin waɗanda Seagate ya fara fitarwa masu terabait 30 a 2024. An ce leza tana dumama wurin rubutu fiye da digiri 400. Wane ɗauri ne zai jure wannan?

Dakta_Rabi

Malama Hauwa, abin da yake ceton man shi ne wurin da ake dumamawa ƙanƙane ne ƙwarai, kuma zafin yana zuwa ya wuce a cikin kusan kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Duk da haka, ƙafewar mai a kan layin da aka rubuta da taruwar datti a bakin kan suna cikin manyan matsalolin da suka jinkirta wannan fasaha shekaru da yawa. A nan ma ɗaurarren mai ya fi jure zafi, amma buƙatar wanda zai dawo ya cike gurbi ta ƙaru, ba ta ragu ba. Akwai kuma wata tsohuwar matsala da zafi yake tsananta ta. Jikin kan an yi shi ne da haɗin da ke ɗauke da alminiyom oksaid, kuma tun farkon shekarun 1990 Kasai na IBM ya nuna cewa wannan sinadarin yana hanzarta ruɓewar sarƙar Fomblin Z a daidai gaɓar da kabon ɗaya yake tsakanin oksijin biyu. Zoben fosfarus da na ambata an kawo shi ne tun asali domin ya toshe wannan ɓarnar, da farko a matsayin ƙari mai suna X-1P na kamfanin Dow.

Garba_Muhalli

Ba na so in kauce daga batun, amma ya dace a sani cewa man da ruwan da ake narkar da shi duka suna cikin dangin sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Kamfanin 3M, wanda ya fito da HFE-7100, ya sanar a Disambar 2022 cewa zai daina yin wannan dangin kafin ƙarshen 2025, kuma a 2023 ƙasashe biyar na Turai, wato Jamus da Holan da Denmak da Nowe da Suwidin, sun gabatar da buƙatar taƙaita su. An taɓa yin irin wannan sauyi, domin a da da Freon ake narkar da man, har yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka bar shi. Man da ke kan faranti ɗaya ƙanƙane ne kamar yadda Dakta ta lissafa, ruwan tsomawar ne mai yawa.

Injiniya_Sabo

Gaskiya ne, kuma akwai hanyar da ba ta buƙatar ruwan, inda ake dumama man a wurin da babu iska ya tashi kamar tururi ya sauka a kan faranti. Amma mu koma kan tambayar Malam Bashir ta ƙarshe, domin har yanzu ba a ba shi amsa kai tsaye ba. Faifan da kansa ya liƙe ba ƙarancin ɗauri ne yake damunsa a wannan lokacin ba. A faifan zamani, yawanci faɗuwa ce ko yankewar wuta ta sa kan ya kasa komawa matashinsa, ya sauka a kan fili mai sulɓi ya manne. Masu ceto bayanai suna buɗe shi ne a ƙarƙashin iska tatacciya, su ɗaga kan da wani ɗan kayan aiki na musamman, su mayar da shi wurinsa, sannan su kwashe bayanan nan take. Ko da kana da fitilar 185, haska ta a cikin iskar shago ozon za ta haifar, ga kuma illa ga ido da fata.

Alhaji_Mamman

Kuma kada wani ya ɗauki dabarar murɗawar da na ba da labari ya gwada a faifan yanzu. Kan wancan zamani babba ne mai ƙwari, na yanzu kuwa da ƙyar ido yake ganinsa, kuma yana iya tsinkewa ya bi farantin yana kankara.

Mai_Tantama

Na fahimci bayanin cakuɗen biyu, amma har yanzu akwai abin da ya rage mini. Idan Z-Tetraol mai ƙugiya huɗu tana kama kabon da kanta, kuma an ci gaba da ƙera mayuka masu ƙarin ƙugiyoyi har a tsakiyar sarƙa, to hasken bai zama tsohon yayi ba? Injiniya ya ga ana yi a inda ya zauna, amma wannan bai nuna cewa kowa yana yi ba.

Dakta_Rabi

Ban ce kowa yana yi ba, kuma tambayarka tana kan hanya. Ƙugiya da haske hanyoyi biyu ne zuwa ga kwantar da sarƙa, wani yana ɗaukar ɗaya, wani yana haɗa su, wani kuma yana ƙarawa da gashi. Sai dai ɗaurin nasu ba iri ɗaya ba ne. Kamun ƙugiya danshi yana iya yin takara da shi a kan kabon, ɗaurin da haske ya yi kuwa haɗewar sinadari ce ta dindindin.

Bashir_Gyara

Na gode wa kowa, musamman Dakta da Injiniya. Na ajiye maganar fitilar waya. Da safen nan na ɗauko wani mataccen faranti da ban taɓa sa masa hannu ba, na ɗiga masa ruwa, na kuma ɗiga a kan madubin da na wanke da sabulu. A kan madubin ruwan ya baje, a kan farantin kuwa ya dunƙule kamar ƙwayar wake, da na karkata shi sai ya gangare bai bar jiƙa ba. Shin wannan ya nuna cewa an haska farantin nawa?

Zainab_Fizik

Ya nuna cewa akwai man fulorin a kansa, Malam Bashir, wanda shi ne rabin tambayarka ta farko. Bai nuna an haska shi ba, domin wanda ba a haska ba ma yana dunƙule ruwa, bambancin 'yan digiri ne a kusurwar ɗigon. Kafin a san kason da ya ɗaure sai an wanke shi da ruwan sinadarin da Injiniya ya ambata a sake aunawa, kuma ko an sami kaso mai yawa, za a koma tambayar Malam Mai_Tantama: haske ne ya ɗaure shi, ko gashi, ko ƙugiyoyinsa?